TAFIYA MA MAGANI CE GA MAI CIWON HUHU
(Jawabin da anka gabatar a taron ƙungiya)

Iyayenmu dattawa, uwayenmu mata, ƴan uwa na gida da waɗanda sunka zo daga bida, Yamai, Kamba, Malanbil, Kotonu da Legas, muna gaishe ku da hanya.

Maganarmu ta yau bisa masu ciwon huhu take, wanga ciwo da ke zaune da mutum shekara da shekaru, da tari da majina da haki. Kowanenmu ya san irinsu. Akwai tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta cikin hayaƙin murhu ko wurin dahuwar gishirin Fogha. Akwai mai shan taba. Akwai wanda ya sha maganin tarin fuka wata 6 ya warke, amma huhun ya riƙe tabo. Akwai kuma samarinmu da sunka shaƙi ƙurar dutse a ramukan zinariya, tun daga Komabangu har Jado, inda jama'a sunka kwarara a 2014. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ciwon toshewar huhu ya kashe mutum miliyan 3 da rabi a 2021.

To, mi muke yi musu? Saboda ƙauna muna cewa: "Baba, zauna ka huta." Sai shi zauna gindin bango. Da zama ya daɗe, ƙafafu su saki. Naman jikin da ya saki ya fi na mai aiki cin iska, don haka in ya tashi zuwa masallaci sai haki shi fi na jiya. Sai shi ji tsoro, shi ƙara zama. Haka abin ke zagayawa har tabarma ta riƙe shi. Hauyar da anka jingine, tsatsa ke cin ta.

Likitoci sun samo hanyar katse wanga zagaye, ita ce motsa jiki bisa tsari, sau 2 ko 3 a mako, har mako 6 zuwa 8. Gaskiya ita ce, ba ya mayar da huhu sabo. Amma shina ƙarfafa cinya da hannu, su yi aiki da iska kaɗan, haki shi ragu. An gwada shi a Afirka, a asibitin Mulago na Kampala, ƙasar Uganda, ga waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo. An buga sakamakon a 2017: bayan mako 6 sun ƙara nisan tafiya, sun ji sauƙin ƙirji.

Ga yadda za mu yi.

Na 1, a fara da gidan likita. Tarin da ya wuce mako 2, ko jini cikin kaki, ko zufar dare da rama, a tafi wurin majo ko asibitin Gaya a auna kaki. Maganin tarin fuka kyauta ne. Sai likita ya yarda kana a soma.

Na 2, awo. A shata layi mai metir 30 a fili. Mutum shi yi ta kai da kawowa minti 6, shi tsaya in ya gaji, a rubuta nisan cikin kaye. Bayan mako 6 a sake. Ƙarin metir 30 ma likitoci na ƙirga shi nasara.

Na 3, tafiya kullum. A soma da minti 5, ana ƙarawa har a kai 20 ko 30. Haki kaɗan ba laifi, muddin mutum na iya magana.

Na 4, ƙarfi. A tashi daga kujera a zauna sau 10. A ɗaga kwalbar ruwa da kowane hannu.

Na 5, numfashi. A ja iska ta hanci ana ƙirga 2, a tsuke baki a fitar ana ƙirga 4, kamar mai hura kunu mai zafi.

In ƙirji ya yi suka, ko jiri ya ɗebi mutum, ko ƙafa ta kumbura, a tsaya a nemi likita. Ranar da hunturu ya tada ƙura, a rufe hanci da rawani ko a yi cikin zaure. A sani kuma, wanda ya bari, cikin ƴan watanni amfanin ke zubewa.

Yanzu ga roƙonmu. Mu malaman lakwal za mu shata layin mu riƙe kayen. Ku ƴan bida, cikin abin da kuke aikowa a ware na kujeru da agogo da kuɗin mota zuwa Gaya, kuma mai tari kada shi ɓoye sai ya dawo kwance. Ku dattawa, ku ba da izini uwayenmu su fito, ko su yi nasu layi cikin gida. In babba ya taka, yaro ba ya jin kunyar bin shi.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi mai da kowa gida lafiya. Amin.