Neman Salsalar Harriet Tubman a Takardun Masu Bayi



Idan mutum ɗa ne, wato ba bawa ba, ana neman salsalarsa a bakin dattawan gidansu ko a littafin haihuwa. To, amma baiwa a Amurka ta ƙarni na 19, sai dai a neme ta inda ake lissafa gonaki da dabbobi: a wasiyya, da takardun gado, da littafin kashe kuɗi na ubangijinta. Harriet Tubman, wadda ta tsere daga bauta a 1849, ta kuma riƙa komawa jihar Maryland tana fid da 'yan'uwanta, ita ce misalinmu a yau.

Mu fara da shekarar haihuwarta. Takardar rasuwarta, ta 1913, ta ce 1815. Dutsen kabarinta ya ce 1820. Ita kanta ta taɓa cewa 1825. Abin da ya raba gardama shi ne wani ɗan lissafi da masaniyar tarihi Kate Larson ta kawo a littafinta na 2004, inda wani mai bayi, Anthony Thompson, ya biya ungozoma dala 2 a watan Maris na 1822. Sanarwar cigiya da aka buga a jarida bayan gudunta ta kira ta Minty, wato Araminta, sunanta na yanka, ta kuma ba ta shekara 27 ko kusa. Lissafin ya yi daidai.

Mahaifinta Ben Ross ne, mahaifiyarta Rit Green. Sunan Rit ya fito a wasiyyar Atthow Pattison ta 1791, wanda ya bar wa jikarsa ita bisa sharaɗin ta yi bauta har ta kai shekara 45. Tubman ta biya lauya dala 5 ya binciko wannan wasiyya, sai ta tarar wa'adin ya wuce tuni, magada kuwa sun yi shiru. Ke nan ita ce ta fara wannan bincike, kuma ba don sha'awar tarihi ba.

Daga Rit sai uwarta, Modesty, wadda aka kawo daga Afirka cikin jirgin bayi. Nan sawu ya ɓace. Kotun yankin Dorchester ta ƙone a 1852 da yawancin takardunta, ƙidayar jama'a kuma ba ta rubuta sunayen bayi ba, sai jinsi da shekaru da launi.

Saura ruwayar baka. Tun tana ƙarama an gaya wa Tubman cewa halinta irin na Asante ne, mutanen ƙasar da ake kira Gana a yau. Mu da muke nazarin adabin baka ba mu raina irin wannan magana ba, amma a ganina yabon taurin zuciya ne, ba shaidar zuriya ba. Ko da Modesty ta taso daga gaɓar tekun can, yawancin waɗanda aka sayar a wurin kamammun yaƙi ne daga ƙabilu dabam-dabam, kuma babu takardar da ta ambaci sunan da iyayenta suka raɗa mata.