NEMAN HAIHUWA AIKIN MUTUM BIYU NE

Ga jawabin da wakilinmu na ma'aikatar yaƙi da jahilci ya yi wa ɗaliban cibiyoyin karatu, maza da mata. Muna roƙon malamai su karanta shi tare da ɗalibansu.

 

Yau zan taɓa wata magana mai nauyi. Ina roƙon dattawa su yi mini gafara, don akwai kalmomin da ba a saba faɗi cikin taro ba. Amma ciwon da ba a faɗa ba, ba a samun maganinsa. Maganar ita ce ta ma'auratan da suke neman haihuwa ba su samu ba tukuna.

Babu garin da ba shi da irin wannan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da wahalar samun haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Kun san abin da ke faruwa a wurinmu. Shekara ta kewayo amarya ba ta da ciki, sai uwar miji ta fara habaici. A kira yarinya juya. A sayar da akuya a kai wa boka. Daga baya a yi mata kishiya, ko a sake ta. Kuma kowa a nan ya taɓa jin labarin mutumin da ya saki mata biyu ko uku don ba su haihu ba, ko wacce ta je wani gida ta haihu.

Haihuwa kyautar Allah ce, wannan ba gardama. Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya sai da suka tsufa Allah ya ba su. Amma manomi ba ya zama gida yana jiran hatsi. Yana gyara gona, ya zaɓi iri, ya jira ruwan shuka, sa'an nan ya roƙi Allah albarka. Haka ma neman ɗa. Akwai abubuwan da miji da mata za su iya yi da kansu, ba tare da sun kashe ko dala ba.

1. KU SAN KWANAKIN SHUKA

Mace ba ta ɗaukar ciki a kowace rana. Sau ɗaya a wata jikinta yake sakin ƙwai. Ƙwan nan ba ya wuce kwana 1 da rai. Irin namiji kuwa yana iya yin kwana 5 da rai cikin jikin mace yana jiran ƙwai. Ke nan kwanakin ɗaukar ciki kamar 6 ne kawai a wata: kwana 5 kafin ƙwai ya sauko, da ranar da ya sauko.

To, yaya za a gane su? A nan ne karatunku da lissafinku za su yi muku rana.

Ƴar'uwa, ɗauki kayenki na rubutu. Ranar da kika fara ganin jinin al'ada, rubuta 1. Kashegari 2. Ki ci gaba har ranar da jini ya sake zuwa, sai ki koma 1. Ki yi haka wata 3. Za ki ga tsawon zagayenki. Mata da yawa kwana 28 ne, wasu 26, wasu 30 ko 32. Duka lafiya ne.

Ƙwai yana saukowa wajen kwana 14 kafin jini na gaba. Sai ki ɗebe 14 daga tsawon zagayenki. Mai kwana 28: 28 a ɗebe 14, saura 14. Ƙwanta yana saukowa wajen rana ta 14, kwanakinta masu albarka daga rana ta 9 zuwa ta 15. Mai kwana 32: 32 a ɗebe 14, saura 18. Nata kwanakin daga rana ta 13 zuwa ta 19. Wadda ba ta iya rubutu ba tukuna, ta jefa tsakuwa ɗaya cikin ƴar ƙwarya kowace safiya, ta ƙidaya su ranar da jini ya dawo.

Jiki ma yana ba da alama. In kwanakin sun kusa, mace takan ga wani ruwa mai yauƙi, garai-garai kamar farin ɗanyen ƙwai, ba wari, ba ƙaiƙayi. Wannan ba ciwo ba ne. Alama ce ta cewa gona ta jiƙa.

In lissafin ya yi muku wuya, ga hanya mai sauƙi: daga ranar da mace ta yi wankan tsarki, miji da mata su riƙa saduwa yau, su huta gobe, har mako 2.

Ina da magana da masu mata biyu, uku ko huɗu. In ana kwana bibbiyu tsakanin mata 4, girki ba ya dawowa ga mace sai bayan kwana 6. Kwanakinta masu albarka suna iya wucewa maigida yana wani ɗaki. Ku zauna ku yi shawara cikin mutunci. Addini ya yarda mace ta ba abokiyar zamanta kwananta in ta so. Nana Saudatu ta bar wa Nana A'ishatu kwananta. Wadda ta taimaki ƴar'uwarta da haka ta yi aikin lada.

Haka masu tafiya ci-rani. Mutum ya tafi Kano, ko Agadas, ko Abijan tun bayan girbi, bai dawo ba sai ruwa ya sauka, sa'an nan ya ce matarsa ta shekara ba ciki. Malam, ƙidaya watannin da ka kwana a gida tukuna.

2. KU CIYAR DA JIKI

Babu wani abinci ko saiwa guda da ke sa ciki. Wanda ya ce muku yana da shi, kuɗinku yake so. Amma jikin da ya rame ƙwarai yakan daina sakin ƙwai, har al'ada ta riƙa tsallake wata. Ƙiba mai yawa ita ma tana rikita al'ada. Abin da ake so shi ne jiki mai ƙarfi, mai isasshen jini.

Ƙarancin jini ya yi yawa ga matanmu. Alamunsa gajiya, jiri, haki, da farin cikin ido da tafin hannu. Fura da tuwo kaɗai ba su isa ba. A haɗa da wake, gujiya da ƙuli-ƙuli, riɗi, ganyen zogale, rama, yakuwa, tafasa da miyar kuka. In da hali a ƙara ƙwai, nono, kifi, fara, nama da ƴar hanta. Lemun tsami, tumatir da garin ƴaƴan kuka suna taimakon jiki ya amfana da abincin da ke ƙara jini. Shayi kuwa yana hana shi, don haka a bar tazarar awa 1 ko 2 tsakanin cin abinci da shan shayi. Gishirin miya ya zama mai iyod.

Maigida, kada ka cinye tsire a kasuwa ka dawo gida hannu wofi. Wadda kake so ta ɗauki ɗanka wata 9 ita ta fi ka bukatar naman nan. Kuma ka rage mata wahala. Macen da ke daka, ta ja ruwa, ta yi itace, ta je gona, abin da ta ci duk aiki ya cinye.

Akwai ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awo, mai ɗauke da wani sinadari da ake kira asid folik. Yana kare jariri daga nakasar ƙashin baya da ta kai. Amfaninsa ya fi yawa in an fara sha tun kafin ciki ya shiga, don wannan sashe na jikin jariri yana haɗuwa cikin watan farko, lokacin da uwa ma ba ta san tana da ciki ba. Ku tambayi ungozomar likita. Ku kuma kwana cikin gidan sauro, don zazzaɓin cizon sauro yana shanye jini, yana kuma jawo ɓari.

3. MAZA, KU KULA DA IRINKU

Ƴan'uwana maza, ku saurara da kyau. Likitoci sun tabbatar cewa cikin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, kusan rabi akwai matsala ta wajen miji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Namiji yana iya zama ƙaƙƙarfa, yana biyan bukatar iyalinsa sarai, amma irin da ke cikin maniyyinsa kaɗan ne ko raunana ne. Ido ba ya ganin wannan, sai da madubin likita. Zangarniya tana iya yin kyau a ido, a sussuka a tarar ba tsaba.

Abubuwan da ke raunana irin namiji sun haɗa da taba sigari, giya, wiwi, da ƙwayar tramol da wasu samari da ƴan kabu-kabu ke sha don aiki. Zafi ma yana ɓata shi: matsattsen wando da daɗewa gaban wuta mai tsanani. Wasu magungunan feshin ƙwari su ma suna da illa. Mai feshin wake ko lambu ya rufe hanci da jiki, kada ya yi feshi yana fuskantar iska, ya yi wanka da sabulu in ya gama.

Jikin namiji yana ɗaukar wajen wata 2 da rabi kafin ya gama ƙera sabon iri. Wanda ya bar taba yau, ya yi haƙuri wata 3 kafin ya sa ran canji. Haka wanda ya yi zazzaɓi mai zafi, irinsa yakan ragu na ƴan watanni, sa'an nan ya dawo. Wanda kuwa ya taɓa yin hangum bayan ya balaga har marainansa suka kumbura, ya gaya wa likita.

Ku kuma sani, samun ɗa namiji ko ɗiya mace daga irin uba yake fitowa, da ikon Allah. Kada a tsangwami uwar ƴaƴa mata.

4. KU YI MAGANIN CIWO DA WURI

A ƙasashenmu na Afirka, abin da ya fi hana mata haihuwa shi ne toshewar hanyoyin ƙwai. Tsakanin jakar ƙwai da mahaifa akwai ƴan siraran hanyoyi guda 2. In ciwo ya shige su ya daɗe, sai su yi tabo su toshe, iri da ƙwai ba su gamuwa.

Me ke kawo wannan? Na farko ciwon sanyi da sauran cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa. Sau da yawa mace tana ɗauke da su ba ta ji komi ba. Na biyu, ƙazanta wajen haihuwa ko bayan ɓari. Shi ya sa za ku ga mace ta haifi ɗa ɗaya, daga nan shiru. Na uku, tsargiya, wato fitsarin jini, da ake ɗauka cikin tabki da ruwan fadama. Tana taɓa mahaifa, tana taɓa mazakuta, kuma maganinta ƙwaya ce da ake samu a gidan likita.

In akwai ciwon mara, ko ruwa mai wari, ko zafin fitsari, ko ƙuraje a gaba, a je likita da sauri. A yi wa miji magani, a yi wa matansa duka a lokaci guda, a kuma shanye maganin har ƙarshe. In an yi wa ɗaya an bar ɗaya, ciwo zai dawo. Kada ku sayi ƙwayoyi wurin masu talla a kan tire.

Iyayena mata, ina roƙonku da girman Allah: a bar cusa ganye, kanwa, alif ko wani haɗi cikin gaban mace. Suna ƙona wurin, su buɗe wa ciwo ƙofa. A bar yankan gishiri. Bai taɓa ba kowa haihuwa ba, amma ya jawo wa mata da yawa zubar jini da yoyon fitsari. Tun shekarar 2003 dokar Nijar ta hana yi wa mata kaciya da irin waɗannan yanke-yanke.

5. HAƘURI, DA SANIN RANAR ZUWA LIKITA

Cikin ma'aurata 10 masu lafiya da ke tare, fiye da 8 suna samun ciki cikin shekara 1. Wata 4 ko 5 ba ciki bai zama abin tsoro ba. Yarinyar da ba ta daɗe da fara al'ada ba, jikinta bai daidaita ba, ƙugunta bai gama girma ba. Kada a matsa mata, ciki da wuri haɗari ne gare ta. Mai shayarwa ma al'adarta takan jinkirta, wannan hutu ne. Likitoci suna son a bar shekara 2 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Wadda ta yi allurar tazarar haihuwa, allura ba ta kashe mahaifa. Sai dai ciki yakan jinkirta wasu watanni, wani lokaci har kusan shekara.

Amma in an shekara 1 cur ana tare ba ciki, lokacin zuwa likita ya yi. In matar ta wuce shekara 35, kada a jira fiye da wata 6. In al'ada tana tsallake watanni, ko tana zuwa da ciwo mai tsanani, ko an yi ɓari sau 2 ko 3, a je ba da jira ba.

Ku tafi ku biyu. Ku riƙe kayen da kuka rubuta kwanaki, zai taimaki ungozoma ƙwarai. Ku fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, zuwa cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa, ko gidan haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai. Gwajin namiji shi ya fi sauƙi, ba yanka, ba ciwo. Maigida, ka fara ba da naka. Ba abin kunya ba ne, kuma likita ba ya fallasa sirri.

Ba zan ruɗe ku ba: akwai waɗanda za su yi duk wannan, haihuwa ba ta zo ba. Waɗannan ƴan'uwanmu ne, ba su yi laifin komi ba. A daina yi musu gori a bakin rijiya da wurin suna. Wanda ya riƙi maraya ko ɗan ɗan'uwansa ya tarbiyyantar da shi, shi ma uba ne, ita ma uwa ce.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin da na bar muku na wannan mako shi ne: ko wace mace mai neman haihuwa ta buɗe shafi cikin kayenta ta fara ƙidaya, ko wane maigida ya zauna da iyalinsa ya karanta mata abin da ya ji yau. Mai tambayar da yake jin nauyin yi cikin taro, ya rubuta a takarda ya ba malamin cibiya, ba sai ya sa suna ba. Za mu kai wa ma'aikatan lafiya, mu buga amsa cikin jaridarku.

Allah ya ba masu nema zuri'a mai albarka, ya raya waɗanda aka samu.