Igiya Huɗu a Kafaɗar Yaro: Jawabi kan Ƙuruciya da Ƙwarewa



Zan fara da tambaya. A shekarar 2016 wani jirgin kamfanin easyJet ya tashi daga Landan zuwa tsibirin Malta. Kyaftin ɗin jirgin, Kate McWilliams, shekarunta 26, mataimakinta kuwa shekarunsa 19. Da a ce waninku yana cikin fasinjojin, aka raɗa masa wannan labari kafin a rufe ƙofa, zai zauna ko zai sauka? Na tabbata da yawanmu gabanmu zai faɗi, domin an rene mu a kan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Wannan karin magana nake so mu ɗora a kan sikeli yau.

Da fari dai mu san cewa igiya huɗun da ke kafaɗar kyaftin ba kyauta ba ce. A ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ba a ba mutum lasin mafi girma na tuƙin jirgin fasinja sai ya cika shekara 21, ya kuma yi awa 1,500 a sama. Yakan faro ne daga makaranta, irin wadda aka kafa a Zariya a 1964, sa'an nan ya yi shekaru a kujerar dama yana mataimaki, ana jarraba shi a kai a kai, kafin a yarda ya koma kujerar hagu. Watau a wannan sana'a awoyin aiki ake ƙirgawa, ba furfura ba. Wanda ya soma da wuri yana iya isa da wuri.

To, in haka ne, mene ne amfanin daɗewa? Ranar 15 ga Janairu, 2009, wani jirgin US Airways ya tashi daga birnin New York na Amurka, ya yi karo da garken dinyoyi, injunansa biyu duka suka mutu. Kyaftin Chesley Sullenberger yana da shekara 57 da awa fiye da 19,000 a sama, tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, ya kuma iya sarrafa jirgi marar inji. Abin da ya rage masa bai kai minti huɗu ba. Nan take ya kunna ƙaramin injin ko-ta-kwana tun kafin takardar ƙa'ida ta kai ga wannan mataki, ya auna ya ga ba zai kai filin jirgi ba, ya saukar da jirgin a kan kogin Hudson. Mutum 155 ne a ciki, ba wanda ya rasa ransa. Wannan ita ce ribar ƙwarewa: idan lokacin tunani ya ƙure, abin da mutum ya tara a shekaru shi ke yi masa tunani.

Amma jama'a, kada mu yi saurin yanke hukunci. Hatsari mafi muni a tarihin jiragen fasinja, dattijo ne a kujerar hagu. Ranar 27 ga Maris, 1977, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suna kan titin jirgi guda a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, hazo ya rufe ko'ina. Kyaftin ɗin KLM, Jacob van Zanten, mai shekara 50, shi ne babban malamin tuƙin wannan ƙirar a kamfaninsa, hotonsa ma ake bugawa a tallar kamfanin. Mataimakin da ke gefensa, shi ya jarraba shi ya ba shi shaidar tuƙa jirgin. Kyaftin ya saki birki alhali hasumiya ba ta ba shi izinin tashi ba. Injiniyan jirgin ya yi shakka, ya tambaya ko jirgin Pan Am ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, daga nan ba wanda ya sake cewa uffan. Jiragen suka yi karo, mutum 583 suka halaka.

Ku lura da kyau. Ba jahilci ne ya kashe waɗannan bayin Allah ba. A cikin ɗakin tuƙin nan akwai wanda ya hango hatsarin, sai dai kwarjinin babba ya rufe masa baki, shi kuma babban ƙwarewarsa ta toshe masa kunne.

Wannan musiba da wasu irinta suka sa kamfanonin jirage suka sake lale. Daga farkon shekarun 1980 aka shiga koya wa matuƙa wani darasi wanda ba na inji ba ne: yadda kyaftin zai nemi shawarar na ƙasa da shi, da yadda ƙarami zai faɗi gaskiya a fili, cikin ladabi amma ba kwana-kwana. An ga amfaninsa ranar 19 ga Yuli, 1989, sa'ad da injin wutsiyar wani jirgin United Airlines ya tarwatse, ya lalata dukan hanyoyin da ake juya jirgin da su. Kyaftin Al Haynes bai ce shi kaɗai ya sani ba. Ya saurari abokan aikinsa, ya kuma karɓi taimakon wani malamin tuƙi da ya fito daga cikin fasinjoji, suka riƙa jan jirgin da ƙarfin injuna biyun da suka rage har suka kai Sioux City. Mutum 112 suka rasu, 184 suka tsira daga abin da ba a zaci kowa zai fita ba.

'Yan'uwana, na san mafi yawanku ba za ku tuƙa jirgi ba. Amma nan da 'yan shekaru waninku zai sami kansa a kan tebur, da digiri a hannu, yana shugabantar akawun da ya fara aiki tun ba a haife shi ba. Wani kuma zai zauna a gaban babban sakatare, yana ganin kuskure ƙiri-ƙiri a cikin fayil. Kowane ofis ɗakin tuƙi ne, fasinjojinsa kuwa talakawa ne da ba su da ta cewa.

Saboda haka in an ba ka girma kana yaro, karɓa, kada ka ji kunyarsa, amma ka sani takarda ta ba ka kujera ne kawai, ba ta ba ka awoyin ba. Ka tambayi tsohon akawun nan, domin ya ga damina da yawa. In kai ne ƙarami kuma ka ga rami a gaba, yi magana, in ba a ji ba ka maimaita. Ladabin da zai kai jama'a ga halaka ba ladabi ba ne. Ran da furfura ta zo maka kuwa, ka tuna da Tenerife.

Mu koma ga tambayarmu. Ni dai zan zauna a cikin jirgin nan, muddin kyaftin ta cika awoyinta, tana kuma jin maganar na gefenta. Babba yana hango nesa, gaskiya ne. Amma wani lokaci yaron da ke kan rimi shi ke ganin abin da hazo ya ɓoye wa na ƙasa, kuma babban kirki shi ne mai ɗaga kai ya tambaye shi.