Jawabi Kan Amfani da Ƙwayoyin Halitta Masu Taimako Wajen Kiwon Jatan Lande

Babbar matsalar mai kiwon jatan lande a tafki ita ce lalacewar ruwa. Daga sinadarin naitirojin da ke cikin abincin da ake zuba musu, kimanin rubu'i ne kaɗai ke zama nama. Sauran yakan koma cikin ruwa ta hanyar kashinsu da ragowar abinci, ya rikiɗe ya zama amoniya, wadda guba ce gare su. A da, maganin abin shi ne a yi ta sauya ruwa. Amma sabon ruwa yakan shigo da cuta, tsohon kuma ya gurɓata koguna.

Saboda haka ne masana suka fito da hanyar da ake kira bayofulok, inda ba a sauya ruwa sai kaɗan. Akan zuba abu mai sukari ko sitaci, kamar garin rogo ko baƙin ruwan da ke ragewa bayan an tace sukari daga rake. Bakteriyar da ke cikin tafkin sai su ci wannan abu tare da amoniyar, su hayayyafa, su dunƙule curi-curi, jatan lande kuma su cinye curin. Watau dauɗa ta koma abinci. A shekarar 1999 Farfesa Yoram Avnimelech na Isra'ila ya nuna cewa ana bukatar sitaci wajen giram 20 domin kawar da giram 1 na naitirojin ɗin amoniya.

To, amma abin da ke ciyar da bakteriya masu amfani shi ne ke ciyar da miyagu, musamman dangin Vibrio. Wani nau'insu ne ya haddasa annobar da ta ɓulla a ƙasar Sin a 2009, ta isa Tailan a 2012, tana kashe 'ya'yan jatan lande cikin watan farko da zuba su a tafki. A nan ne amfanin furobayotik yake, watau zaɓaɓɓun bakteriya masu rai, irin su Bacillus subtilis, waɗanda ake zubawa cikin ruwa ko a gauraya da abinci. Sukan riga miyagun kama wuri da abinci, su narkar da dattin ƙasan tafki, su kuma taimaka wa hanjin jatan lande wajen narka abinci.

Lalle ne mai kiwo ya kiyaye abubuwa huɗu. Na farko, injin hura iska ya yi aiki dare da rana, domin idan ya tsaya, tafki na iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Na biyu, a auna curin kullum, kada ya wuce mililita 10 zuwa 15 a kowace lita bayan ya kwanta. Na uku, a lura da tsamin ruwa, a gyara shi da farar ƙasa. Na huɗu, kada a haɗa furobayotik da kulorin ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, gama za su hallaka shi.

Furobayotik riga-kafi ne, ba ya ta da tafkin da cuta ta riga ta cinye. Duk mai niyyar wannan sana'a ya fara da ƙaramin tafki, ya sayi 'ya'ya masu lafiya, ya kuma nemi shawarar jami'in kula da kifi na jiharsa kafin ya zuba dukiyarsa.