Jawabi Ga 'Yan Kasuwarmu Mazauna Kudu A Kan Rajistar Kamfani

 

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar kafa kamfani bisa doka. Kowa ya san yadda mutanenmu ke haɗa jari a Agege da Mile 12 cikin Ikko, ko Sabon Badun, ko Fatakwal: mutum uku ko huɗu su zuba kuɗi, a sayo shanu ko albasa ko goro, ba rubutu sai amana. Amana kuwa abu ne mai kyau, amma ranar da ɗayansu ya rasu, magada suka taso daga gida suna neman haƙƙinsu, wa zai nuna musu rabon mamaci? Ga shi kuma banki da ma'aikatun gwamnati ba su hulɗar kwangila da suna maras takarda.

Hukumar da ke da wannan aiki ita ce Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda aka kafa a 1990, hedkwatarta tana Abuja. Dokar da ake aiki da ita yanzu, Shugaba Muhammadu Buhari ne ya sa mata hannu a watan Agusta na 2020, ta kuma sauƙaƙa abubuwa da dama. Da can sai mutum biyu ke iya kafa kamfani, amma yanzu mutum guda ma yana iyawa.

Sai a lura, rajistar sunan kasuwanci daban, kamfani daban. Wanda ya yi rajistar suna kawai, shi da kasuwancinsa abu guda ne a idon doka, in bashi ya hau shagon, ana iya bin gidansa da gonarsa. Kamfani kuwa doka tana ɗaukarsa tamkar mutum mai zaman kansa: yana mallakar dukiya, yana kai ƙara, ana kai shi, ba ya kuma mutuwa don mai shi ya mutu. Asarar mai hannun jari ba ta wuce jarin da ya ɗauka, sai fa in ya sa hannu ya tsaya wa kamfanin a wurin cin bashi.

Da fari za a nemi suna ta intanet, in babu mai irinsa a ajiye wa mutum shi har kwana 60. Daga nan sai manyan takardu biyu: ɗaya ta faɗi sunan kamfani da sana'arsa da yawan jarinsa, ɗayar ta tsara yadda za a gudanar da shi. Za a ba da adireshin ofis, da sunayen daraktoci da shaidarsu, a biya kuɗin rajista da harajin kan sarki. Mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne. Wannan ba kuɗin da ake miƙa wa gwamnati ba ne, ƙimar hannun jarin da masu kamfani suka raba tsakaninsu ce.

A nan nake so mu tsaya, domin a nan rigima take. Abin da aka rubuta shi kotu za ta duba. Idan Alhaji ya zuba kashi 70 cikin ɗari, amma don kunya ya bari aka rubuta rabi da rabi, to rabi ke gare shi. Kada kuma a sa sunan ƙane ko suruki don kara kawai, domin cire shi ba ya yiwuwa da baki. Wanda ba ya karanta Turanci ya sa a fassara masa kowane layi kafin ya sa hannu, ko da lauya ne ya shirya takardun. In wakili ne ya yi muku aikin, ku tabbata lambar waya da adireshin da aka shigar naku ne.

Bayan takardar shaida ta fito, akwai rahoton shekara-shekara da tilas a kai wa hukumar. Jinkiri yana jawo tara, kamfanin da ya shekara goma a jere bai bi doka ba kuwa, hukumar tana da ikon soke sunansa daga rajista.