Wa Ke Duba Aikin Likita? Darasin Asibitin Bristol

Tun shekarar 1858 aka kafa Majalisar Likitoci ta Biritaniya, wadda ke riƙe da rajistar waɗanda aka amince su duba marasa lafiya. Shekara da shekaru, in mutum ya ci jarrabawa sunansa ya shiga wannan rajista, ba a cika waiwayar aikinsa ba sai in an kawo ƙara. Abin da ya auku a babban asibitin birnin Bristol ya nuna cewa takardar shaida kaɗai ba ta isa ba.

A shekarar 1988 wani likita mai ba da maganin sa barci lokacin fiɗa, Dokta Stephen Bolsin, ya kama aiki a asibitin. Bai daɗe ba ya lura jariran da ake yi wa aikin zuciya suna mutuwa fiye da kima. Ya tattara alƙaluma ya kai wa magabata, amma aka yi ta jan ƙafa har 1995. Daga bisani ya bar ƙasar, ya koma Ostareliya da aiki.

Binciken da Farfesa Ian Kennedy ya shugabanta, wanda ya fito a 2001, ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 sun rasu a kan adadin da aka saba gani a sauran asibitoci irinsa. Wani abin lura shi ne, ɗaya daga cikin likitocin fiɗar, James Wisheart, shi ne kuma daraktan likitocin asibitin. Wato wanda ya kamata a duba aikinsa, shi ne mai dubawar.

A 1998 Majalisar ta soke sunan Wisheart daga rajista. Ta kuma soke na shugaban asibitin, Dokta John Roylance, wanda bai yi wa yaro ko ɗaya fiɗa ba. Laifinsa shi ne an faɗa masa, yana da ikon tsai da aikin, bai tsayar ba.

Tun daga ranar 3 ga Disamba 2012 ba a sake barin lasisi ya zama na har abada ba: kowane likita mai aiki a Biritaniya ana duba aikinsa shekara-shekara, a kuma sabunta izninsa galibi bayan shekara 5. Masu sauraro, takarda takan shigar da likita asibiti, amma sai shugabanni masu sauraren na ƙasa da su ne ke tsare ran majinyaci.