Matar da ta Ajiye Albashi ta Koma Tara Roba

 

Yau da tambaya zan fara. Ke uwa, a ce 'yarki ta gama jami'a, ta samu aiki a kamfanin mai, albashi na shigowa duk wata, kwatsam ta zo ta ce miki ta ajiye aikin za ta koma tara robar bola. Me za ki ce mata? Na san da yawanmu malamin ruƙiyya za mu fara nema.

To, abin da wata 'yar ƙasar Kenya mai suna Nzambi Matee ta yi ke nan a 2017. Kimiyya ta karanta, ɓangaren sanin abubuwan da ake ƙera kaya da su. Da ta bar aikin, sai ta kafa ɗan wurin gwaji a bayan gidan mahaifiyarta a birnin Nairobi, tana narka roba tana cuɗa ta da yashi. Ɗan abin da ta tara ya ƙare, maƙwabta suka dame ta da ƙorafin ƙarar inji, har sai da ta roƙe su su ba ta shekara guda.

Kin san roba ba iri ɗaya ba ce. Masana suna ce mata folima, wato ƙananan ƙwayoyi ne da suka sarƙe da juna suka yi tsawo kamar carbi, kuma kowane iri da zafin da yake narkewa. Ledar fiya wata daban, bokiti daban, gorar lemo daban. Nan ilimin nata ya yi rana. Ta ɗauki irin na leda da bokiti da robar man wanke gashi, ta bar na gorar lemo. Idan robar ta narke ita ke riƙe yashin, aikin siminti ke nan, sai a danne da inji ya fito bulon shimfiɗa a ƙasa. Kamfaninta, Gjenge Makers, ya kai yana buga kusan 1,500 a rana a 2021, kuma a 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta.

Yanzu ki duba Kwanar Dangora bayan an tashi daga kasuwa. Leda ce ko'ina, ta toshe magudana, akuyarki ta ci ta kumbura. 'Yan jari bola suna tsintar roba su sayar wa masana'antun Kano da arha, riba mai tsoka tana hannun wanda ya san sarrafa ta. Ga 'ya'yanmu mata suna karanta kimiyya a Bayero da Wudil, amma in ba su samu aikin gwamnati ba sai mu ce karatun ya tashi a banza. Ni dai a labarin nan uwar ce ta fi burge ni, da ta bar mata bayan gidan.

Amma don Allah kada wata ta ɗora tukunya ta ce za ta gwada a tsakar gida. Hayaƙin roba guba ne, har wanda muke shaƙa idan mun hura gawayi da leda.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.